Daga Teburin Gyara: Rasiba Mai Sifika Huɗu, Kada A Mayar Da Ita Mai Biyu

Assalamu alaikum. Tun da na taɓo zancen tsofaffin rasiba masu sifika huɗu a fitowar da ta wuce, saƙonni ba su tsaya ba, daga Agege, Idi-Araba, Obalande har Alaba Rago. Na tsamo biyar daga ciki. Don wanda bai ga wancan rubutu ba: rasiba akwati ce da ta haɗa rediyo da amfilifaya wuri guda. Masu sifika huɗu kuwa, waɗanda a bakin sana'a muke ce wa kwad, an yi yayinsu daga wajajen 1970 zuwa ƙarshen waɗannan shekarun, sannan kamfanoni suka watsar. Sifika biyu a gabanka, biyu a bayanka, kowace da amfilifayarta a cikin akwatin.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Bayan an biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, ya sayi Sansui QRX-7001 da sifikoki huɗu. Tun ina yaro take ajiye a sito. Na fito da ita na kai wa wani mai gyara, ya buɗe ya ce ɓangaren sifika huɗun ya mutu, zai tsallake shi da waya ya mayar da ita mai biyu, wai ma za ta fi ƙara. In yarda? Ƙaninka, daga Zangon Agege.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ƙanena, kada ka yarda. Ka je ka karɓo kayanka tun bai ɗora ƙarfen dalma a kai ba, ka biya shi kuɗin buɗewa, ku rabu lafiya.

Abin da yake son tsallakewa shi ne dalilin da ya sa Baba ya zuba kuɗinsa a kanta. Amfilifaya mai sifika biyu tana ko'ina, ka shiga Alaba ka ga tuli. Abin da ba za ka samu ba shi ne allon nan da Sansui suka sa wa suna Vario-Matrix, wanda yake karɓar sauti daga hanya biyu ya ware shi gida huɗu, yana bin kiɗan, duk inda ya ji sauti ya rinjaya sai ya ƙara tura shi can. A cikin duk abin da aka sa wa rasiba a wancan zamani, ni dai ban ji wanda ya kai shi ba. In aka yanke shi, an bar ka da akwati mai nauyi kawai.

Kuma da wuya a ce allon ya mutu. Akwai wani ciwo sananne a allunan wasu rasibobin Sansui, shi za a fara dubawa. Hanyoyin wuta a fuska biyu suke, sama da ƙasa, an haɗa su da wasu ƙananan ƙusoshi da suka ratsa ta cikin allon, aka ɗaure kowace da dalma. Shekara kusan 50 ana zafi ana sanyi, dalmar ta tsage. Ka sa gilashin ƙara girma a kai, ka karkata allon wajen haske, za ka ga wani siririn zobe baƙi ya kewaye ƙusar, da ƙyar ido yake kama shi. Wannan zoben ne yake sa sifikar baya ta yi shiru yau gobe ta dawo, ko ka bugi murfin ta farka. Maganinsa a zuƙe tsohuwar dalma a kowace ƙusa, sama da ƙasa, a sa sabuwa. Masu tsantseni ma cire ƙusar suke yi gaba ɗaya, su zura guntuwar waya a ramin su ɗaure ta ta fuska biyu. Ƙusoshin suna da yawa, aikin yana cin ido da wuya, shi ya sa mai gyaran da talabijin goma suke layi suna jiransa zai ce maka ya mutu. Ban ga laifinsa sosai ba, abincinsa yake nema. Aikin ne ba nasa ba.

Na biyu, makunnai. A kwad sauti yana ratsa makunnai da yawa kafin ya isa sifika, kuma iskar Legas mai laima da gishiri ba ta bar ko ɗaya ba. A wanke su da feshin da aka yi musamman don tsabtace mahaɗar wuta, a yi ta dannawa ana juyawa har su saki. Ban da fetur, ban da man da ake fesa wa ƙusar mota, domin yana barin maiƙo, ƙura ta zo ta zauna.

Na uku, kafasita. Masu ruwa a ciki bushewa suke yi da shekaru, ko an yi aiki da su ko ba a yi ba. A sauya su, amma allo ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa a tsakani. Wanda ya kwance su duka rana ɗaya, in wani abu ya ɓaci ba zai san daga ina ya faro ba. A Sansui akwai kuma wasu ƙananan rezista masu aikin fis da suke canja ƙima in sun tsufa. A auna su duka.

In har bai riga ya jona ta ba, kada kowa ya cusa ta a soket kai tsaye. Ga yadda nake yi. Nakan ɗaura ƙwan fitila mai wat 100, irin na da mai zare a ciki, a jere da wayar wutar, yadda duk abin da rasiba za ta ja sai ya bi ta ƙwan. Ƙwayayen zamani masu tsimin wuta ba sa wannan aiki. Sifikoki a cire, ƙara a ƙasa, sai in kunna ina kallon ƙwan. In ya yi haske wal sannan ya dushe ya koma ja-ja, bayan 'yan daƙiƙoƙi kuma na ji rile, wato makunnin kariya da ke ciki, ya ce ƙas, to akwai rai. In ya tsaya da haske sosai, wuta tana haɗuwa inda bai kamata ba a ciki, sai in kashe, kuma ƙwan ya tare ɓarnar da za a yi. Bayan nan sai mita a bakin kowace mafitar sifika, duk huɗun. Abin da ake so ƙasa da milibolt 50. In ka ga ya haura zuwa bolt guda ko fiye, kada ka haɗa sifikar Baba, za ta ƙone. Manyan kafasitan tsakiya kuma suna riƙe wuta bayan an kashe, a sauke musu ita kafin a sa hannu.

Ka nemi dattijon mai gyara wanda ya fara sana'a tun zamanin garmaho. Har yanzu akwai su a Agege da Mushin. Ka samo masa littafin gyaran wannan samfurin, ana samun sa a intanet, ka buga masa a takarda, ku yi ciniki kan cewa aikin makonni ne, kuma kada ka riƙa yi masa sintiri.

TAMBAYA: Oga, ina da Pioneer QX-949 da na saya a Westminster, Apapa. A gabanta an rubuta SQ, RM da CD-4. Mene ne bambancinsu? Faya-fayaina na juju ne da afrobit da na kalangu, babu wanda aka rubuta kwad a jikinsa. Asara na yi? Wani tela, daga Idi-Araba.

AMSA: Ba ka yi asara ba, maigida, amma bari in fara da rubutun nan uku, domin su ne tarihin abin gaba ɗaya.

Tsagin faifai gefe biyu gare shi, hagu da dama. Yaya za a cusa sauti huɗu a ciki? Nan kamfanoni suka rabu. Wasu suka ce a cakuɗa huɗun cikin biyu da wani lissafi, in an zo gida a warware. Wani Ba'amurke, Peter Scheiber, shi ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1960. Kamfanin CBS ya fito da nasa salon a 1971, shi ne SQ, Sony ta mara masa baya. Sansui ta fito da QS, kuma RM da kake gani sunan da aka ba dangin wannan salon ne a Japan. Daɗin wannan hanya, kowace allura tana karanta faifan. Rauninta, warwarewar ba ta cika. Na'urorin SQ na farko desibel 3 kacal suke rabawa tsakanin gaba da baya, abin da kunne da ƙyar yake ganewa. Masu iya aikin sosai, irin na'urar warwarewa ta Tate, sai da kasuwa ta watse suka iso.

JVC kuwa ta ce ba za ta cakuɗa ba. Ta fito da CD-4, RCA ta ɗauka ta sa masa suna Quadradisc. A nan an ɗora bayanin da zai raba gaba da baya a kan wani siririn sauti mai kaɗawa sau 30,000 a daƙiƙa, sama da abin da kunnen mutum yake ji. Huɗun suna fita daban-daban da gaske. Sai dai yana da tsirfa: allura sai mai yankan Shibata ko danginta, kan allurar sai wanda yake kaiwa wajen 45,000, wayar da ta taso daga garmaho sai ta musamman, faifan kuma sai tsaf. Ƙura kaɗan, sai ka ji ƙarar yashi. In komai ya daidaita, wata 'yar fitila takan kama a gaban rasiba, alamar ta kamo siririn sautin. Ban da waɗannan akwai kaset ɗin Q8 da tef mai naɗi a fili mai hanya huɗu, waɗanda ba su buƙatar wata dabara tunda kowane sauti da layinsa.

To ka ga abin da ya kashe kwad. Mutum ya sayi faifan wannan kamfani, na'urarsa ta wancan ce, ba su jituwa. Ga kuɗin sifika huɗu, ga tsadar rayuwa da ta biyo rikicin man fetur na 1973 a Turai da Amurka. Kafin 1980 an tattara. Amma dabarar ba ta mutu ba, ita Dolby ta ɗauka ta kai gidajen silima, daga baya ta dawo falo da wani suna.

Tunda a Apapa ka sayi taka, ga wani abu da ya shafe ka. A Agustan 1973 Paul McCartney, tsohon mawaƙin ƙungiyar Beatles, ya zo Legas, a Satumba ya ɗauki yawancin faifansa Band on the Run a sitidiyon EMI da ke Wharf Road, nan Apapa, kuma daga baya an fitar da shi a kaset ɗin Q8. Wato akwai sautin da aka ɗauka a unguwar da ka sayi rasibarka wanda ya fita duniya ta sifika huɗu.

Faya-fayanka na sitiriyo kuwa, ɗora su ka murɗa zuwa RM. Duk abin da yake tsakiya, kamar muryar mawaƙi, zai tsaya a gaba. Amon ɗaki, tafi, da abin da aka baza gefe-gefe za su zame zuwa baya. A faifan juju mai ganguna da jita da yawa, za ka ji 'yan amshi sun buɗe sun kewaye ka. Wanda aka ɗauka da hanya ɗaya, kamar yawancin tsofaffin ƙananan faya-fayai, babu abin da za a ware, ka saurare shi a sifika biyu. Sifikokin baya kada su fi na gaba ƙara. In kana jin su a matsayin sifika, ka rage.

In kana son jin ainihin huɗun ba tare da wahalar CD-4 ba, duba bayan rasibar, akwai mashiga mai ramuka huɗu. Dutton Vocalion a Ingila suna sake fitar da tsofaffin haɗin kwad a wani nau'in faifan CD da ake kira SACD, Rhino a Amurka kuma a Blu-ray da sunan Quadio. Abin da kake buƙata na'urar kunnawa mai mafita daban ga kowace sifika.

TAMBAYA: Malam, na sayi wata Sansui daga kwantena, rubutun bayanta na Japananci ne, lambobin FM kuma daga 76 suka fara suka tsaya a 90. Lalacewa ce? Ɗalibinka, daga Alaba Rago.

AMSA: Lafiyarta lau. Don kasuwar cikin Japan aka yi ta, kuma zangon FM ɗinsu ke nan a lokacin. Namu daga 87.5 ne zuwa 108. Za ka kama Eko FM a 89.7, amma Wazobia da ke 95.1 ta fi ƙarfinta. Kada ka bari a murɗe mata ƙananan ƙusoshin cikin rediyo wai a ja ta sama, ɓata ta za a yi. Jona wata ƙaramar rediyo ko wayarka ta mashigar baya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne wuta. Ta Japan bolt 100 ce, tamu 230. Taransifomar rage wuta da ta cika kasuwa 110 take bayarwa, wani lokaci ta haura, kuma wannan ya yi mata yawa in za a daɗe. Nemi mai ba da 100 daidai, mai ƙarfin da ya ninka abin da aka rubuta a bayan rasibar. Masu kayan Amurka, naku 120 ne, kuma don wuta mai juyi 60 aka yi su, tamu 50 ce, saboda haka taransifomarsu takan fi ɗumi, a ba ta iska. Waɗanda aka yi don fitarwa ƙasashe suna da wani filogi ko makunni na zaɓen wuta a baya. A duba shi da ido kafin a jona, kada a ɗauki maganar mai sayarwa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina son in fara tara irin waɗannan. Wacce zan nema, kuma me zan duba a kasuwa? Wani ɗan canji, daga Obalande.

AMSA: Alhaji, in don sauti ne, Sansui QRX-7001 ko yayarta QRX-9001. In don kyan gani da daraja a wurin masu tarawa, Marantz 4400, mai wat 50 a kowace sifika in huɗu ne, 125 in biyu, da ɗan madubinta mai koren haske da yake nuna yadda sauti yake yawo tsakanin kusurwa huɗu. Ƙannenta 4270 da 4300 ma ba baya ba ne. Pioneer QX-949 ta fi sauƙin samu a nan, kuma tana da sauƙin sha'ani wajen gyara. Shawarata ka fara da guda ɗaya, ka gyara ta har ƙarshe, ka zauna da ita, kafin ka sayi ta biyu. Na ga ɗakunan da aka jibge goma babu mai magana ko ɗaya.

A kasuwa, fara da abin da ba a samun madadinsa: gilashin gaba, maɓallan murɗawa na asali, mitoci, da babbar taransifoma. Kafasita da tiranzista ana saye. Gilashin Marantz da ya fashe kuwa sai dai a yanka wata rasibar. Sa hancinka a ramukan iska, ƙaurin taransifomar da ta ƙone ba ya ɓuya. Sa a buɗe murfi a gabanka. In ka ga an yanke wayoyi an ɗaure da salatif, ko an manna wani sabon ƙaramin allo a ciki, an riga an yi mata abin da na hana ƙanenmu na Agege, sai ka rage kuɗi sosai ko ka wuce. In Marantz ce, kifa ta ka duba cikinta ta ƙasa. Akwai wani aljihu da ake zura na'urar warware SQ, mai suna SQA-1 ko SQA-2. Daban ake sayar da ita tun asali, kuma sau da yawa za ka tarar da aljihun wayam.

Tsatsa a saman ƙarfe ba komai ba ce. Layin laka a ciki, wanda yake nuna inda ruwa ya tsaya, shi ne abin gudu, kuma a garin nan da ambaliya take shiga gidaje duk damina ana yawan ganin sa.

Wajen kayan gyara, akwai ƙananan tiranzista da aka san su da kawo shuu da tartsatsi in sun tsufa, irin 2SC458 da 2SA726. Sau da yawa za ka ga ƙafafunsu sun yi baƙi. Ana maye su da KSC1845 da KSA992, amma a duba jerin ƙafafu, ba kullum yake zuwa ɗaya ba. Manyan tiranzistan fita kuma jabu sun yi yawa a kasuwa: lamba daidai, ciki ba komai, su yi aiki a ƙaramar ƙara, ka ɗaga su tashi da abin da ke kusa da su. In na asalin suna da rai, a bar su. Fitilun gaba ma ni na fi son a mayar da masu zare irin na asali, ko a sa na zamani masu haske mai ɗumi. Shuɗin nan mai kashe ido da ake cusa musu yanzu yana ɓata musu fuska.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya rasu bara, ya bar wasu manyan rediyoyi uku masu nauyi, biyu an rubuta Marantz, ɗaya Kenwood, da kwalayen faya-fayai. 'Yan gwangwan sun zo sun yi tayi da kilo. 'Ya'yansa sun ce a sayar a huta. Me ka gani? Hajiya, daga Mile 12.

AMSA: Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya, ya ba ku haƙuri. Kada a sayar da kilo. Mai gwangwan jan ƙarfen cikin taransifoma yake so, zai fasa sauran da guduma. Sayar da irin wannan a kan sikeli kamar sayar da tsohuwar alkyabbar gado ce a kuɗin tsumma. Kuma tunda dukiyar magada ce, har da marayu wataƙila, haƙƙi ne a san ƙimarta ta gaskiya kafin a raba ko a sayar.

Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya ɗauki hoton gaba da baya na kowace, lambar samfurin ta fito sosai. A Marantz, in lambar huɗu ce kuma ta fara da 4, kamar 4230, 4270 ko 4400, galibi mai sifika huɗu ce. In ta fara da 22, mai biyu ce, ita ma tana da masu nema ƙwarai. A nuna wa mutum biyu ko uku da suka san kayan, waɗanda ba su san juna ba, kuma wanda ya yi ƙima kada ya zama shi ne mai saye. Kada a jona su wai a gwada, in ɗaya ta yi hayaƙi kuɗinta ya faɗi. Faya-fayan ma a duba bayan kwalinsu. Masu tambarin SQ, QS, CD-4 ko Quadradisc a ware su gefe, haka tsofaffin faya-fayan Najeriya na EMI, Decca da Afrodisia, domin wasunsu sun fi rediyoyin kuɗi a wurin masu nema.

Kafin a gama shawara, a ɗauke su daga ƙasa a ɗora a kan tebur ko kanta, nesa da bango mai laima da taga. A rufe da zane, ban da leda, domin leda tana tara gumi. A sa maganin kyankyaso a kusa, ba a ciki ba. Faya-fayai a jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, kuma kada rana ta taɓa su. In cikin 'ya'yan akwai mai sha'awar riƙe ɗaya, a yi mata kuɗi a cire daga rabonsa. In ya gyara ta, ya haɗa ta da sitabilaiza, ya kashe ta duk lokacin da aka ɗauke wuta, kada ya kunna sai wutar ta zauna, kuma kada ya ɗora ta a kan ƙaramin janareta. Ki turo hotunan ta adireshin mujalla, zan duba lambobin in faɗa miki abin da kowace take.